Sa hannun zakarun dambe na farko: me ke sa masa daraja, kuma ta ina ake gane na jabu?

A watan Yulin 2022 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Amurka ya sayar da ɗamarar da hukumar dambe ta WBC ta ba Muhammad Ali saboda galabar da ya yi a kan George Foreman a Kinshasa cikin 1974, kuma attajiri Jim Irsay ne ya saye ta a kan dala miliyan 6.18. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, tambayar mutane ba ta sauyawa: mene ne a jikin tsohuwar ɗamara, ko hoton da ya koɗe, ko 'yar takarda mai ɗauke da sunan mutumin da ya daɗe a ƙasa, har mai hankali zai zuba dukiyarsa a kai? Amsar da aka fi bayarwa ita ce suna, wato gwargwadon shaharar ɗan dambe gwargwadon tsadar abin da ya taɓa. Wannan amsa tana iya wadatarwa idan ana maganar Ali, amma da zarar an koma ga zakarun farko, waɗanda suka yi tashe tsakanin shekarun 1880 da na 1930, sai ta gaza, domin a can akan tarar da zakaran da duniya ta sani ana sayar da sa hannunsa da araha, ga kuma wanda kusan an manta da shi, masu tarawa suna shafe shekaru suna neman nasa ba su samu ba.

Su wane ne zakarun farko, kuma me ake tarawa?

Masu wannan harka galibi suna fara lissafi daga John L. Sullivan, ɗan birnin Boston, wanda ya tsaya a kan iyakar zamani biyu. A 1889 ya kara da Jake Kilrain a jihar Mississippi da hannu tsirara, aka kai turmi 75 kafin ɓangaren Kilrain ya sallama, kuma daga wannan karawa ba a sake neman kambun ajin masu nauyi a bisa tsohuwar ƙa'ida ba. Shekara uku bayan haka, a New Orleans, James J. Corbett ya buge shi a turmi na 21 da safar hannu, a ƙarƙashin dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila cikin 1867, waɗanda suka kawo turmi na minti uku da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Daga Corbett kambun ya koma hannun Bob Fitzsimmons a 1897, sai James J. Jeffries a 1899, Marvin Hart a 1905, Tommy Burns a 1906, Jack Johnson a 1908, Jess Willard a 1915, Jack Dempsey a 1919, sannan Gene Tunney a 1926. Wannan jeri ba ado aka kawo shi ba, domin burin masu tarawa da yawa shi ne su cika shi, su mallaki sa hannu ɗaya na kowane zakara ba giɓi, kuma wannan buri ne ke juya farashi, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da ake tarawa yawancinsa takarda ne: hotunan da aka manna a kan kwali mai kauri, wasiƙu, takardun yarjejeniyar karawa, cakin banki, tikitin shiga, fosta, da shafukan ƙananan littattafan da masoya kan yi yawo da su suna neman manyan mutane su sa musu hannu. Akwai kuma katunan da kamfanonin taba irin su Allen & Ginter suka riƙa cusawa cikin kwalin sigari a ƙarshen shekarun 1880. Safar dambe mai sa hannu, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwar yau, ba ta da yawa daga wancan zamani, saboda alƙalamin ƙarfe da ake tsomawa a tawada ba ya tafiya da kyau a kan fata. Wani lokaci abin tunawar ma ba rubutu ba ne. Fitzsimmons maƙeri ne kafin ya shahara a dambe, kuma har bayan ya zama zakara yakan ƙera takalmin doki na ƙarfe da hannunsa ya bayar kyauta, ana kuwa neman waɗannan har gobe.

Abin da ke sa farashi

Jack Dempsey na cikin mutanen da suka fi suna a Amurka a zamaninsa. Karawarsa da Bafaranshe Georges Carpentier a 1921 ita ce ta farko da kuɗin ƙofarta ya haura dala miliyan ɗaya. Duk da haka sa hannunsa yana cikin masu sauƙin samu, kuma dalilin a fili yake: ya rayu har 1983, kuma daga shekarun 1930 zuwa 1974 yana da gidan cin abinci a New York, inda yakan zauna yana gaisawa da baƙi yana sa musu hannu a kan katin gaisuwa da takardar jerin abinci. Haka Max Schmeling na Jamus, wanda ya rasu a 2005 yana da shekara 99, ya daɗe yana amsa wasiƙun masoya. Marvin Hart kuwa watanni kawai ya riƙe kambun, daga Yulin 1905 zuwa Fabrairun 1906, mutane da yawa a lokacin ba su ma yarda shi ne zakaran gaskiya ba tunda Jeffries ritaya ya yi ba buge shi aka yi ba, don haka ba wanda ya damu ya nemi sa hannunsa, har ya rasu a 1931. A yau duk mai son cika jerin sai ya bi ta kansa, ga masu nema da yawa, ga kaya kaɗan, shi ya sa masu tarawa ke lissafa nasa a sahun gaba wajen wahalar samu a cikin zakarun ajin masu nauyi.

Akwai wani ɓangare na wannan lissafi da ban iya wuce shi ba tare da zuciyata ta sosu ba, wato tsadar sa hannu sau da yawa shaida ce ta gajeriyar rayuwa. Joe Gans na Baltimore, wanda ya zama zakaran ajin marasa nauyi a 1902, ya kuma yi turmi 42 da Battling Nelson a garin Goldfield na jihar Nevada cikin 1906, tarin fuka ya kashe shi a 1910 yana da shekara 35. A wannan shekarar aka harbe Stanley Ketchel, zakaran ajin matsakaita nauyi, yana da shekara 24. George Dixon, ɗan Kanada, baƙar fata na farko da ya ci kambun duniya, ya rasu a New York a 1908 cikin talauci. Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Senegal, wanda ya yi wa Faransa yaƙin duniya na farko, sannan ya buge Carpentier a Paris cikin Satumban 1922 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun duniya, an harbe shi a titin New York a Disamban 1925 yana da shekara 28, sai a 1993 aka mayar da ƙasusuwansa gida. Waɗannan mutane ba su samu tsufan da za su zauna suna sa hannu ba, wasunsu kuma karatunsu bai yi zurfin da za su bar wasiƙu masu yawa ba, ga wariyar launin fata da ta sa ba kowane gida ne zai adana hoton baƙin mutum ba.

Bayan ƙaranci, abu na biyu shi ne abin da aka sa hannun a kansa. Suna kawai a kan guntun takarda shi ne mafi ƙasƙanci. Hoto ya fi shi, wasiƙar da mutum ya rubuta gaba ɗaya da hannunsa ta fi hoto, kuma wasiƙar da ke maganar wata karawa ko takardar yarjejeniyarta ta fi duka, saboda ita tana ba da labari. Wasiƙar Jack Johnson daga shekarun da ya yi yana gudun hijira bayan hukuncin ɗaurin da kotun Amurka ta yanke masa a 1913, hukuncin da sai a 2018 aka yi masa afuwa a kansa, takardar tarihin Amurka ce kafin ta zama kayan ɗan dambe.

Ba duk wanda ba na gaske ba ne na jabu

Nan ne mutane suka fi rikicewa. Sa hannun da bai fito daga hannun zakaran ba yana iya zama ba a yi shi don cuta ba. Hotuna da katuna da yawa na wancan zamani an buga su a maɗaba'a tare da kwafin sa hannun, kuma wanda bai saba ba zai rantse tawada ce. Akwai wanda manaja ko sakatare ko matar ɗan damben ta sa a madadinsa domin amsa wasiƙun da suka yi yawa, wani kuma hatimin roba ne. Irin waɗannan tsofaffi ne na gaskiya, takardarsu da tawadarsu duk na zamanin ne, iyalin da suka gaje su ma sun yi imani da su, amma darajarsu a kasuwa ƙarama ce. Sun fi na jabu wahalar ganewa, domin gwajin takarda da na tawada ba zai tona su ba, sai dai sanin hannun mutumin.

Na jabu kuwa sana'a ce mai zaman kanta. A ranar 13 ga Oktoban 1999 hukumar FBI ta kai samame a jihohi da dama na Amurka a wani bincike da ta sa wa suna Operation Bullpen, wanda ofishinta na San Diego ya jagoranta, aka bankaɗo gungun da ke ƙirƙirar sa hannun manyan 'yan wasa, ciki har da na Ali, kuma babban marubucin gungun, Greg Marino, ya amsa laifinsa. Darussa biyu suka fito daga wannan shari'a. Na farko, masu jabu suna sayen tsofaffin littattafai su cire farin shafi domin su samu takardar zamanin. Na biyu, kayan nasu suna fita kasuwa ne tare da takardar shaidar inganci, wadda ita ma ta ƙarya ce.

Yadda gwani ke karanta takarda

Gwajin farko na tarihi ne, kuma kowa na iya yin sa. Biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai a Oktoban 1945, alƙalamin maka na Sharpie kuma sai a 1964. Saboda haka sa hannun Sullivan, wanda ya rasu a 1918, ko na Gans ko na Siki da aka yi da biro ƙarya ce tun kafin a duba siffar harufa. Jack Johnson ya rasu a haɗarin mota a Yunin 1946, wato kusan watanni takwas kacal bayan biro ya shiga kasuwar Amurka, a lokacin da yake sabon abu mai tsada, don haka duk nasa da aka gani da biro sai an yi masa tambayoyi masu yawa. Takarda ma tana magana: tun daga shekarun 1950 masana'antu suka riƙa sa mata sinadarin da ke ƙara mata fari, kuma irin wannan takarda tana sheƙi idan an haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake gwada takardar kuɗi da ita, alhali ta 1900 ba ta yi.

Sai a kawo gilashin ƙara girma. Bakin alƙalamin ƙarfe a tsage yake gida biyu, idan marubuci ya danna yana gangarowa sai tsagar ta buɗe, layin ya yi kauri, har a ga 'yan ramuka biyu a gefensa inda ƙarfen ya karci takarda, idan kuma yana hawa sai layin ya sirance. Tawadar takan fara da duhu ta riƙa dusashewa har inda aka sake tsomawa, kuma tsohuwar tawada mai sinadarin ƙarfe tana komawa ruwan ƙasa da shekaru. Mutumin da ke rubuta sunansa ba ya tunani, hannunsa yana gudu, alƙalamin yana sauka kan takarda yana cikin tafiya ya kuma tashi yana cikin tafiya, shi ya sa farkon layi da ƙarshensa ke da tsini. Mai jabu zane yake yi, idonsa na kan abin da yake kwaikwaya, sai layin ya yi rawa, ya fara da dunƙule ya ƙare da dunƙule, a ga ya ɗaga hannu a tsakiyar harafi inda mai sunan ba ya ɗagawa. Idan takardar tana da tsohon ninki, a duba inda layi ya ratsa ninkin: sabuwar tawada takan nashe ta bi karyewar takardar, alamar an yi rubutun ne bayan takardar ta tsufa. Kuma idan aka ɗora sa hannu biyu suka dace daidai ba bambanci, to aƙalla ɗaya kwafi ne, domin ɗan Adam ba ya sa hannu iri ɗaya sak sau biyu.

Takardar shaida da silsila

A yau manyan gidajen gwanjo suna dogara da kamfanonin tantancewa irin su PSA/DNA da JSA, waɗanda ke kwatanta abin da aka kawo musu da samfuran da suke da su, su ba da takarda mai lamba. Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa ya tsaftace kasuwar da ta cika da ƙarya a shekarun 1990, ya kuma ba wanda ba gwani ba abin dogaro. Masu suka suna cewa takardar ra'ayi ce kawai, tunda ba wanda ya ga lokacin da Ketchel ya ɗauki alƙalami, kuma kasuwa ta koma sayen takardar shaida maimakon abin da ta shaida. A ganina duka biyun suna da gaskiya, sai dai sukar ta fi nauyi a kan zakarun farko musamman. Sa hannun Dempsey yana da dubban samfura da za a kwatanta da su, amma na Hart ko na Gans 'yan kaɗan ne, kuma idan jabu ɗaya ya kutsa cikin waɗannan 'yan kaɗan aka karɓe shi, to shi zai zama ma'aunin da za a riƙa wanke 'yan'uwansa da shi.

Shi ya sa gogaggun masu tarawa suka fi ba tarihin mallaka muhimmanci, kuma wanda ya san yadda malaman hadisi ke bin isnadi, suna tambayar wa ya ji daga wa har zuwa tushe, zai fahimci wannan da sauri. Wasiƙar da take tare da ambulanta mai kan sarki da hatimin gidan waya, cakin da banki ya buga wa tambari, yarjejeniyar da ta fito daga takardun mai shirya dambe ko fayil ɗin kotu, littafin sa hannu da ke ɗauke da sunayen wasu mutanen gari ɗaya a shekara ɗaya, duk waɗannan suna da shaidun da suka tsaya musu. Guntun takarda da ya ɓullo jiya ba a san daga inda ya fito ba, ko da harufansa sun yi kyau, ba shi da kowa.

Inda ake jayayya

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan kasuwa shi ne yankan takardu. Wasu kamfanonin katuna da dillalai sukan sayi wasiƙa ko caki, su yanke wurin sa hannun su manna a kan sabon kati mai ƙyalli, domin katin ya fi wasiƙar kawo kuɗi. Masu yin haka suna cewa dukiyarsu ce, kuma ta haka ƙaramin mai saye ke samun rabonsa. Amma da almakashi ɗaya an raba sunan da kwanan wata, da wanda aka aika wa, da abin da aka faɗa, wato an hallaka shaidar da za ta tabbatar da shi, an kuma hallaka labarin da ya sa ya cancanci adanawa.

Akwai kuma batun iyalai. Da zarar abu ya bar hannun ɗan dambe, ko da kyauta ko da jingina cikin matsi, zuriyarsa ba ta da kaso a duk cinikin da zai biyo baya. Sullivan kansa ya jinginar da ɗamarar zinariya da mutanen Boston suka ba shi a 1887, aka ciccire lu'ulu'un da ke jikinta. Wasu na ganin gidajen tarihi ne suka dace da irin waɗannan kaya, domin kowa ya gani. Masu tarawa kuwa suna amsawa da cewa da ba don su ba da tuni an zubar da yawancin takardun nan a shara, kuma wannan gaskiya ce da ba a iya musunta ta. Gidan tarihi ma ba tabbas ba ne: a Nuwamban 2015 ɓarayi suka fasa zauren karrama 'yan dambe na Canastota a jihar New York, suka kwashe ɗamara shida na Carmen Basilio da Tony Zale, kuma a 2023 masu gabatar da ƙara suka ce gungun da ake tuhuma yakan narkar da kayan tarihin da ya sace domin ya sayar da ƙarfen.

Abin da ya shafi mai saye da mai gado

Ga wanda ke sha'awar shiga harkar ta intanet, araha ba ta ado. Sa hannun zakaran da gwanaye ke wahalar samu ba zai zo wa baƙo a farashin takalmi ba, kuma wanda ya sayi na gaske ma ya sani gidajen gwanjo suna ɗora la'adar da takan kai kusan kashi 20 cikin 100 a kan mai saye, ga kuɗin tantancewa da na aikowa, don haka wanda ya shiga da niyyar juya kuɗi cikin sauri yakan fita da asara. Hanya mafi aminci ga sabon shiga ita ce ya fara da zakarun da suka daɗe a duniya, ya koyi hannun mutum ɗaya sosai kafin ya wuce zuwa wani.

Mu a Nijeriya muna da namu zakarun farko. Hogan Bassey, ɗan Kalaba, ya ci kambun duniya a Paris cikin 1957, Dick Tiger kuma ya ci nasa a 1962, ya kare shi a gaban Gene Fullmer a filin wasa na Liberty da ke Ibadan cikin Agustan 1963, sannan ya rasu a 1971 yana da shekara 42. Dubban mutane sun halarci karawar Ibadan, kuma duk tikiti, ko takardar shirin taro, ko hoton da ya tsira a akwatin wani tsohon soja ko ma'aikacin reluwe, yana fuskantar gara da laima da rashin sanin magada. Wanda ya tarar da irin wannan a kayan mahaifinsa kada ya kai shi a yi masa lamineshin kamar yadda muke yi wa takardun makaranta, domin zafi da gam suna shiga takarda ba sa fita, kuma masu tantancewa ba za su iya duba tawadar ba. Kada a manna masa salatif, kada a maimaita rubutun da ya dusashe da biro, kada a rataye shi inda rana ke duka. A ajiye shi a shimfiɗe tsakanin farar takarda mai tsabta a wuri busasshe, tare da ambulansa idan akwai, sannan a samu wata takarda dabam a rubuta sunan wanda ya karɓa, da garin, da shekarar, da wanda ya ba da labarin, tun dattawan da suka san yadda abin ya zo gidan suna raye.